Dozin Uku na Ruwa, Dozin Ɗaya na Rana

Leandro, inuwata ta tsakar rana, ruwan sanyina a watan Agusta, ƙanshin ƙasa bayan yayyafin farko, maƙaryacina mai kunya,

“Ai an riga an kawo ƙwan wannan ranar, 'yata. Angon da kansa ya kawo.”

Haka muryar ta ce mini ta bayan katako, kusan awa guda da ta wuce, kuma har yanzu ba ta gama magana ba. Ina zaune a kan bencin dutse a zauren gidan sistocin nan na Toledo, waɗanda suka shiga kulle don Allah ba a ganin fuskarsu, ina rubuta maka a bayan takardar tsarin zaman baƙinmu, don ita kaɗai ce takardar da ke jakata. A ɗaya gefen akwai mutum ɗari da arba'in, kowa da kujerarsa, na raba gwaggonka da kawuna da tebur uku don kada su haɗu a kan siyasa. A wannan gefen daga ni sai kai. Saura kwana goma sha tara a ɗaura mana aure, kuma yau ne karo na farko da ban san ko za a ɗaura ba.

Ka san ra'ayina game da al'adar nan ta kai wa waliyyiya Clara ƙwai don kada ruwa ya ɓata wa amarya rana. Ka ji ni ina yi mata ba'a a gaban abokanka, har ka yi dariya. Mama ce ta matsa. Sati uku tana kirana, wai ita ta kai nata kuma ko ɗigo bai sauka a bikinta ba. Na tuna mata cewa auren nata a kotu ya ƙare bayan shekara tara, ta ce ai hotunan sun yi kyau. Don in huta da ita na sayi dozin ɗaya a kanti, fararen nan masu hatimin kwanan wata a jiki, na hau jirgin ƙasa daga Madrid da su a cinyata, ni da nake koyar da ƙididdiga a jami'a. Dama ƙarfe biyu ina da alkawari da mai shirya biki a gidan lambun da ke hayin kogi, za mu ɗanɗana abincin da za a ba baƙi. Na ce in biya in sauke wannan nauyi, minti biyar ya isa.

Na kaɗa ƙararrawa, na saka ƙwan a cikin akwatin katakon nan mai juyawa a jikin bango, wanda kaya ke shiga ta cikinsa ba tare da ido ya ga ido ba. Wata tsohuwar murya ta gaishe ni, ta ce sunanta Sista Amparo, ta nemi sunan amarya da na ango da rana don ta rubuta. Na ce Almudena da Leandro, huɗu ga Oktoba. Na ji tana buɗe takardu. Sai ta faɗi abin da na fara wannan wasiƙa da shi.

Wallahi da farko daɗi na ji. Na ce a raina, dubi mutumin nan, ya zo a ɓoye yana roƙa mini hasken rana, yana jin kunyar in sani. Har na fara tsara yadda zan tsokane ka. Ita kuwa ta ci gaba. Ta ce ranar Talata ka zo. Talatar da ka ce mini tela ya riƙe ka wajen gwajin kwat. Ta ce dozin uku ka kawo, a kwando, cikin ciyawa, jajayen ƙwai na kajin gida, wasu da gashi manne a jiki, irin waɗanda ta ce ta shekara ba ta ga gwaiduwa kamar tasu ba. Ta rubuta sunayenmu, ta ce maka to, rana ke nan za a roƙa kamar kullum. Sannan ka ce:

“A'a, Uwa. Ruwa. Ko da a ranar ne.”

Shekararta hamsin da ɗaya a bakin wannan akwati, in ji ta. Ta karɓi ƙwai daga amare, da uwayen amare, da wata mata da ta zo roƙon rana don bikin karenta, amma ba a taɓa kawo mata ƙwan biki a ce ruwa ake so ba. Ta ce ita ba ta ganin fuska, amma ta san muryar wanda ya daɗe bai yi barci ba. Daga nan na ji katako ya yi ƙara, akwatin ya juyo, ga ɗan reshen zaitun a ciki. Ta ce kai ka bar musu, don su san abin da suke roƙo a kai.

Yana nan a kan cinyata. 'Ya'ya bakwai ne a jiki, na ƙirga, ka san ba na iya barin abu ban ƙirga ba. Ya kamata a ce yanzu sun cika sun yi sheƙi, suna jiran ruwan kaka ya ƙarasa su. Waɗannan sun yamutse kamar gaɓoɓin yatsun kakarka. Na matse ɗaya tsakanin yatsu yadda ka koya mini, ban samu ko danshi ba. Ganyen ya naɗe kansa, ya juya farin bayansa waje. Daga wace bishiya ka karyo shi, Leandro? Daga Tsohuwa? Kada ka ce mini daga Tsohuwa ne.

Ka tuna ranar da ka fara kai ni gonar mahaifinka, shekara biyu ke nan? Ka nuna mini ita, bishiyar da kakan kakanka ya tarar da ita a tsaye, gindinta a murɗe kamar igiya, ka ce mu biyu ba za mu iya rungume ta ba. Muka gwada, yatsunmu ba su haɗu ba. Muna nan hadari ya taso daga bayan duwatsu, ruwa ya sauko ba sallama. Ni na ruga mota da jakata a ka. Ta gilashi na hango ka, ka cire hula, ka ɗaga fuska sama, ka buɗe baki kamar ɗan tsako, rigarka ta manne a jiki. Na ce a raina, wannan ɗan ƙauyen ya iya burge mace. Na zaci don ni kake yi. Ka shigo motar kana ɗiga, kana ƙanshin ƙasa da ganye, ka ce, “Kin ji? Wannan ruwan, man zaitun ne.” A ranar na san zan aure ka. Sai yau, a kan wannan benci mai sanyi, na gane ko tunawa ba ka yi da ina wurin ba. Kuma ban san dalilin da ya sa hakan ya ƙara mini sonka ba, alhali haushi ya kamata in ji.

Bari in faɗi nawa laifin tun kafin in zo kan naka, don in samu bakin magana. Ni na zaɓi ranar. Na zauna da bayanan ruwan sama na shekara arba'in na wannan birni, na tace su yadda nake koya wa ɗalibaina, na fitar da ranar da ta fi kowace bushewa a farkon kaka. Na yi alfahari da wannan aiki. Na ƙi yarda a kafa rumfa a lambun, na ce za ta tare wa baƙi ganin birnin a kan dutsensa, da hasumiyoyinsa da kogin da ya yi masa ɗamara, lokacin da rana za ta faɗi ta mayar da ganuwar kamar zuma. Kuma tun watan Yuni, kullum da safe, ina aiko maka da hoton hasashen yanayi, ƙwallayen rana rawaya a jere ba ko gajimare ɗaya, in saka alamar zuciya a ƙasa. Kai ma ka mayar mini da zuciya. Kwana ɗari da wani abu. A ina kake tsaye kake buɗe waɗannan saƙonni, masoyina? A bakin rijiyar da ta ƙafe? A kan tarakta, da tankin ruwa a baya, kana zaɓen bishiyar da za ta sha yau da wadda za ta jira?

Ana cewa ina da ido. Kai ma kana faɗa, kana ce mini mujiya. Na lura mai shirya bikinmu ta rabu da mijinta tun kafin ta cire zobe. Na lura faston da zai ɗaura mana aure ba ya jituwa da mai kaɗa masa molo. Amma ban lura tafin hannunka ya tsage ba. Ban lura mahaifiyarka ta daina aiko mini da gwangwanin man zaitun ba. Tela ya sake rage ƙugun wandonka har sau biyu, na ce ka yi sa'a, ni kuwa nema nake in rage ƙiba ban samu ba. A shagon furanni ka tambayi matar ko ruwa nawa wardi ɗari uku suke sha kafin a yanke su, na taka maka ƙafa na ce ka daina abin kunya. Kuma hutun amarcinmu fa? Venice! Na ɗauki mutumin da rijiyarsa ta ƙafe zan kai shi sati biyu birnin da ruwa ya yi wa yawa har yana shiga ɗakunan mutane, in zaunar da shi a kwalekwale ana rera masa waƙa. Ka duba hotunan masaukin ka ce yana da kyau. Me ya hana ka jefa mini wayar a fuska?

To, yanzu naka. Labarin fari ina ganinsa a talabijin kamar kowa, kuma sau uku na tambaye ka yaya gona. Sau uku ka ce da sauƙi, zaitun ba ya mutuwa. Ka yi mini murmushin nan naka da ke tsayawa a gefe ɗaya na baki, ni kuma na karɓa don shi ne amsar da ta dace da shirina. Amma kai ka san ƙarya ce. Ka ɗauki kwando, ka tuƙa mota awa biyu, ka hau waɗannan lunguna masu tsani da ƙwai talatin da shida a hannu, ka zo ka faɗa wa katako abin da ka kasa faɗa wa matar da za ta kwana a gefenka har mutuwa. Wata tsohuwa da ba ta san launin idonka ba ta san abin da ke hana ka barci, ni da na san tabon da ke bayan kunnenka ban sani ba. Wannan shi ne abin da ke ci na, Leandro. Ba ruwan ba. Riga ce, in ta jiƙe ta bushe. Takalman ƙawayena su nutse a taɓo, zan ma ji daɗin kallon wasu daga ciki. Abin da ke ci na shi ne ka auna ni ka ga ba zan iya ɗaukar gaskiya ba, kuma ina tsoron awon naka daidai ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan, wanda hannuna ke ƙin rubutawa. Bara da hunturu, a shagon shayin da ke kusa da tashar jirgi, na tambaye ka inda za mu zauna bayan aure. Ka ce duk inda nake. Ka ce ka samu aiki a ɗakin gwajin man zaitun a Madrid, ɗan kawunka zai taimaki mahaifinka da gona, kai kuma ka riƙa leƙawa ƙarshen mako. Na sumbace ka a gaban mutane, abin da ba na yi. Yau ina tambayar kaina: wanda ya roƙi ruwa a ranar aurensa, zai iya zama a hawa na biyar yana kallon tukunyar fure a taga? Wannan “duk inda kike” ɗin, shi ma irin “zaitun ba ya mutuwa” ne? Zan farka bayan shekara biyar in tarar da kai a gefena kana murmushi da gefen baki, ganyenka a naɗe, ka juya farin bayanka waje, ni kuma ina aiko maka da hoton rana?

Ya zuciyata, ya gishirin abincina, ya mutumin da tafiyarsa nake ganewa daga ƙarshen titi, ka ga abin da ka mayar da ni? Mace mai digiri uku tana rubuta “ya zuciyata” a bayan jerin sunayen baƙi, hancinta yana zuba, ba ta da ko hankici. Ina sonka yadda busasshiyar ƙasa ke son hadari, tun yana nesa take buɗe baki. Ina sonka yadda tsuntsayen nan masu dogon wuya ke komawa hasumiya ɗaya kowace shekara, ba su taɓa tambayar ko akwai wadda ta fi ta ba. Kafin kai, rayuwata shiryayya ce kamar tebur ɗin lissafi, kowane abu a gidansa, kuma ban san sanyi nake ji ba sai da ka dafa kafaɗata. Wa zai riƙa yanka mini burodi ya ɗiga mai ya tsaya yana kallon fuskata har in ce yana da ɗaci a maƙogwaro, ya ce to shi ne mai kyau? Wa zai saurari ba'ata ya gane tsoro ne? Idan na rasa ka, ba mutuwa zan yi ba, ka san ba na ƙarya ko a wasiƙar soyayya. Zan koma aji ranar Litinin, in gyara takardun jarrabawa, in tsufa ina da gaskiya a kan komai. Wannan ne nake tsoro.

Amma kada ka karanta abin da ban rubuta ba. Ban ce zan bar ɗalibaina in zo in yi kiwon kaji ba. Kwana uku a ƙauyenku nake fara ƙirga karnukan layi. Ban san yadda za mu yi ba. Na yi ta juya lissafin a nan, bai fita ba, wataƙila ba shi da fita. Abin da na sani kawai, ba zan tsaya a gaban mutum ɗari da arba'in in ce na yarda da mutumin da ke ɓoye mini ƙishirwarsa ba.

Sista Amparo ta sake ƙwanƙwasa katako. Tun ɗazu take tambayata abu ɗaya, rana za a roƙa ko ruwa, ni kuma ina ce mata ta ɗan ƙara mini lokaci. Ta ce ƙarfe ɗaya suke rufewa, kuma ba za ta kai wa waliyyiya saƙo biyu masu karo da juna ba, tsohuwa ce ita ma, kada a rikita ta.

“Uku da ɗaya ne, 'yata,” in ji ta. “Ke da kika yi boko, wa ya ci?”

Na ce mata ba a ƙirga addu'a kamar ƙuri'a, Uwa. Ta ce to ai shi ya sa take tambayata.

Ga abin da zan yi. Na kira mai shirya biki na ce ta ɗanɗana abincin ita kaɗai, ta zaɓi wanda ta ga dama. Akwai bas da ke tashi ƙarfe biyu saura kwata, yana isa dandalinku ƙarfe huɗu da minti goma, gaban famfon nan da na tabbata shi ma ya ƙafe ba ka faɗa mini ba. Zan ɗauki hoton wannan takarda in aiko maka kafin in hau, don ka samu awa biyu kana karantawa kana jin haushina. Ka zo ka tare ni. Kada ka yi wanka, kada ka canja riga. Ka zo da tarakta in da ita kake. Ka kai ni gona layi layi, ka nuna mini waɗanda suka mutu da waɗanda za su mutu, ka kai ni wurin Tsohuwa, sannan a gindinta in sake tambayarka inda kake son zama, ka ba ni amsar da za ka ba katako. Ko mece ce, zan tsaya in ji har ƙarshe, ba zan ruga mota ba. Daga nan mu ga abin da ya rage mana, mu yi aure a kansa ko mu fasa muna kallon juna.

Idan kuwa na sauko na tarar da kai da farar riga da murmushin gefen baki, kana ce mini komai lafiya, akwai bas ɗin ƙarfe shida mai dawowa. Zan hau shi. Ni zan kira baƙin da kaina, ɗaya bayan ɗaya, jerin sunayen yana bayan wannan takarda.

Ban taɓa yi wa kowa alkawarin har abada ba, na san yadda alƙaluman suke. Kai na yi maka, kuma ban janye ba. Ko a hawa na biyar, ko a gindin bishiya, ko a tsakiyar hanyar da ke tsakaninsu muna ta kai da kawo har gashinmu ya yi fari, ko ma a rabe in haka gaskiya ta yanke, babu wani bayan kai. Wannan kaɗai ne lissafin da na tabbatar da shi yau.

Taka, a jiƙe ko a bushe,
Almudena

Ƙari. Wannan a tsaye nake rubuta shi, takardar a kan gwiwata. Na je bakin akwatin na ce mata ta haɗa dozin ɗina da naka, ta rubuta ruwa. Ta ce in sani ba sa ba da tabbaci, bara amare huɗu suka roƙa wa rana kuma duk huɗun sun jiƙe sharkaf. Na ce to bana Allah ya sa a yi irin wannan kuskuren a daidai. Ta yi dariya har da tari, sannan ta juyo mini da kwandon mahaifiyarka da ka manta, ta ce in mayar, kuma in gaya wa matar kajinta suna da albarka. Na saka reshen a ciki. An ja ƙofar gidan a bayana, na ji sakata ta faɗa. Sama shuɗiya ce tas daga wannan hasumiya zuwa waccan, babu ko ƙyallen gajimare. Na gangara tasha.